Su waye 'yan Mormon ɗin nan, kuma da gaske ne wai addininsu ya yi kama da Musulunci?

Wani ƙanina da ke bautar ƙasa a jihar Abiya ne ya turo min tambaya, ya ce: "Malam, wasu samari biyu masu farar shat da baƙin wando da ɗan baƙin bajo a ƙirji suna yawan zuwa layinmu, ran nan na yi musu tayin shayi suka ce su ba sa sha, addininsu ya hana. Abokin zamana ya ce 'yan Mormon ne, wai Kiristoci ne amma suna da annabinsu da littafinsu daban, suna auren mata da yawa, har ma wai ana ce musu musulmin Amurka. Don Allah mene ne gaskiyar abin?"

To ƙanina, abokin naka ya faɗi rabin gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ya tsufa da sama da shekara ɗari. Na daɗe ina karatu da koyarwa a kan tarihin addinai, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibai a kan mutanen nan shi ne in kana so ka gane su to ka riƙe abu ɗaya: su a wajensu ƙofar annabci da wahayi ba a rufe ta ba, a buɗe take har yau ɗin nan da nake maka rubutu. Shugaban cocinsu da ke zaune a birnin Salt Lake na jihar Utah annabi suke kiransa, kuma abin da annabin yau ya faɗa yana iya shafe abin da na jiya ya faɗa. Duk abin da za ka ji a kansu, auren mata da yawa ne, maganar baƙar fata ce, kai har sunan nasu ma, a wannan igiyar yake rataye.

Sunan ma tukuna. Su ba sa so a ce musu Mormon yanzu. Cikakken sunan in aka mayar da shi Hausa zai zama kamar Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, shi ne za ka gani da Turanci a bajon samarin nan. Mormon laƙabi ne da mutanen waje suka liƙa musu daga sunan littafinsu, suka karɓa shekara da shekaru har suna talla da shi, sai a 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya ce a daina, kuma aka daina ɗin, har shahararriyar ƙungiyar mawaƙansu aka canja wa suna. Ni dai zan ci gaba da cewa Mormon a nan saboda sauƙi, ba don raini ba. Kuma kar ka haɗa su da Shaidun Jehobah, mutane na yawan rikita su don duk suna bin gida gida su biyu biyu, amma ba abin da ya haɗa su.

Wanda ya kafa addinin sunansa Joseph Smith, an haife shi a 1805 a jihar Vermont, ɗan manoma talakawa ne da suka koma wani ƙauye Palmyra a jihar New York. Lokacin yankin ya cika da masu wa'azi, kowace ɗarika na jan mutane tana cewa ita ce a kan daidai, gidansu ma kansa ya rabu. Shi ya ce a 1820 yana ɗan shekara 14 ya shiga daji ya yi addu'a a nuna masa cocin gaskiya, sai ya ga mutum biyu cikin haske, Allah Uba da Yesu, suka ce masa kar ya shiga ko ɗaya, duk sun kauce. Ka lura da wannan don shi ne tushen komai: su ba gyaran Kiristanci suke cewa sun zo yi ba irin na Martin Luther da ya ɓalle daga Katolika, cewa suke cocin da Yesu ya kafa ya ɓace gaba ɗaya bayan mutuwar manzanni, ikon firistanci, wato ikon jagorantar ibada da sunan Allah, ya bar duniya, sai ta hannun Smith aka dawo da shi. Masu tarihi kuma suna nuna cewa labarin ganin nan ya ba da shi fiye da sau ɗaya kuma ba iri ɗaya ba, a wanda ya rubuta a 1832 Ubangiji ɗaya ya ambata, a na 1838 da cocin ta riƙe ne suka zama biyu.

Sai 1823, ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya zo masa da dare ya nuna masa wani tudu kusa da gidansu inda aka binne wasu alluna na zinare sirara kamar shafukan littafi, an yi rubutu a kansu da wani harshe da ya kira gyararren rubutun Masar. Sai 1827 aka ba shi izinin ɗauka. Yadda aka yi fassarar kam abin mamaki ne, kuma ba abokan gabansu ne kaɗai suka faɗa ba, cocin da kanta ta yarda da shi yanzu: yakan saka wani ɗan dutse a cikin hularsa ya kifa fuskarsa a ciki don ya tare haske, yana faɗa marubuci na rubutawa, sau da yawa allunan suna gefe a lulluɓe da ƙyalle. Dutsen nan kuwa irin wanda yake amfani da shi ne tun da can wajen duba wa mutane inda aka binne dukiya, sana'ar da ta kai shi gaban kotu a 1826. Wani manomi mai rufin asiri Martin Harris yana cikin waɗanda suka yi rubutun farko, ya matsa a ba shi shafi 116 ya kai wa matarsa ta gani don ta daina masa tsegumi, shafukan suka yi ɓatan dabo har yau, kuma Smith bai sake fassara wannan ɓangaren ba, ya ce an hana shi. Sauran aikin wani malamin makaranta Oliver Cowdery ne ya rubuta yawancinsa cikin wata uku kacal a 1829. Harris ɗin nan dai shi ya jinginar da gonarsa a kan dala 3,000 aka buga kwafi 5,000 a Maris 1830, ranar 6 ga Afrilun shekarar aka kafa cocin. Allunan fa? Mala'ika ya karɓe abinsa. Abin da ya rage shi ne shaidar mutum 11 da suka sa hannu cewa sun gani, tana nan a farkon kowane kwafi, kuma a ba su haƙƙinsu, da dama cikin shaidun nan sun ɓata da Smith daga baya sun bar cocin amma ba a samu wanda ya fito ya janye shaidarsa a fili ba.

Abin da littafin ya ƙunsa a taƙaice: wani annabi Lehi ya bar Kudus da iyalinsa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙera jirgin ruwa suka tsallaka nahiyar Amurka, zuriyar 'ya'yansa Nephi da Laman suka zama al'umma biyu masu gaba da juna, bayan tashin Yesu daga matattu ya sauka a cikinsu ya yi musu wa'azi, daga ƙarshe mutanen Laman suka ƙarar da mutanen Nephi wajen shekara ta 400. Mormon shi ne sarkin yaƙi kuma annabin da ya tattara tarihin, ɗansa Moroni ya binne, shi ne kuma ya dawo a mala'ika. Mutum-mutumin zinaren nan mai busa ƙaho da ke saman haikalinsu da dama shi ne.

Matsalar ita ce babu masanin tono ƙasa na waje da ya yarda an taɓa samun birni ko rubutu ɗaya na waɗannan al'ummomi. Littafin yana maganar dawakai da takubban ƙarfe da alkama a zamanin da masana suka ce babu su a nahiyar, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna asalin jajayen Indiyawan Amurka daga Asiya yake ba daga Bani Isra'ila ba. Cocin ma ta ɗan ja da baya, gabatarwar littafin da can tana cewa mutanen Laman su ne manyan kakannin Indiyawan, yanzu cewa take suna daga cikin kakanninsu. Wadda ta fi wannan nauyi a ganina ita ce ta Littafin Ibrahim, wanda Smith ya ce ya fassara daga wasu tsofaffin takardun Masar da suka saya a 1835. An ɗauka takardun sun ƙone, sai ga wasu guntayensu sun ɓullo a wani gidan tarihi na New York aka mayar wa cocin a 1967, lokacin kuwa an riga an iya karanta rubutun Fir'auna, masana suka duba suka ce addu'o'in binne mamaci ne, ko sunan Ibrahim babu. Amma ka tambayi samarin nan ka ji, ba za su yi maka musun kimiyya ba, cewa za su yi ka karanta ka yi addu'a ka ji abin da zuciyarka za ta faɗa maka, a nan suke kafa hujjarsu.

Tarihinsu na farko gudu ne daga wannan jiha zuwa waccan. Daga New York zuwa Kirtland a Ohio inda suka gina haikalin farko a 1836, banki da suka kafa ya karye a 1837 mutane suka yi asara. A Missouri abin ya fi muni, suna zuwa da yawa, suna zaɓe a dunƙule, suna cewa nan ce ƙasar da Allah ya yi musu alkawari, 'yan gari suka tsorata aka fara kare jini biri jini, har gwamnan jihar Lilburn Boggs ya sa hannu a takarda a Oktoba 1838 cewa a kore su ko a ƙarar da su. Kwana uku bayan nan aka kashe musu mutum 17 a wani wuri Haun's Mill. Takardar nan sai 1976 aka soke ta a hukumance, ka ji fa. Suka koma Illinois suka gina birnin Nauvoo, can Smith ya zama annabi, magajin gari, kuma janar na rundunar birnin duk shi kaɗai, har ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1844. Wasu tsofaffin na hannun damansa suka buga jarida suka tona asirin auren mata da yawa da yake yi a ɓoye, majalisar gari ƙarƙashinsa ta sa aka farfasa injin buga jaridar, aka kama shi, yana tsare a kurkukun Carthage gungun mutane suka afka suka harbe shi da wansa Hyrum ranar 27 ga Yuni 1844. Shekararsa 38.

Kowa ya ɗauka shi ke nan abin ya mutu, ashe lokacin ya fara. Brigham Young, kafinta ne asalinsa amma gwanin tsara mutane, ya kwashi mafi yawansu ya nausa yamma tafiyar kusan kilomita 2,000, suka isa kwarin Salt Lake a Yulin 1847, lokacin wurin ma ƙasar Meziko ce a takarda. Dubun dubata suka biyo baya har daga Ingila da ƙasashen arewacin Turai, talakawan ciki da ƙafa suna jan amalanke, a 1856 dusar ƙanƙara ta rutsa da ayari biyu sama da mutum 200 suka mutu. Su ma dai hannunsu bai fita da tsabta ba, a Satumba 1857 mayaƙansu na kudancin Utah sun yaudari wani ayarin matafiya a Mountain Meadows suka kashe kusan mutum 120 maza da mata da yara, ƙananan yara 17 kawai suka bari, mutum ɗaya tal John D. Lee aka yanke wa hukuncin kisa, shi ma bayan shekara ashirin. Waɗanda ba su bi Young ba kuma wasu suka taru a bayan ɗan Smith a 1860, cocinsu na nan har yanzu amma ƙarama ce.

Yanzu maganar matan da abokinka ya yi. E, an yi, kuma ba kaɗan ba. Cocin da bakinta ta yarda a 2014 cewa Smith ya auri mata tsakanin 30 zuwa 40, a ciki akwai masu mazajensu a raye, akwai 'yar shekara 14, uwargidansa Emma kuwa ta yi ta yaƙi da abin. Brigham Young mata 55 aka lissafa masa. Babu iyakar huɗu irin ta Musulunci, kuma ba a matsayin halas kawai suka ɗauke shi ba, hanya ce ta samun babbar daraja a lahira. A 1852 suka bayyana shi a fili, Amurka kuwa ta ce ba za ta saɓu ba. Aka yi ta kafa dokoki, 1862, 1882, kotun ƙoli ta yanke a 1879 cewa kana da 'yancin yin imani da abin da ka ga dama amma ba ka da 'yancin aikata shi in ya saɓa doka, aka ɗaure maza sama da dubu, shugabanni suka shiga ɓuya, dokar 1887 kuma ta ba gwamnati damar ƙwace dukiyar cocin. Gaba kura baya sayaki. Sai a 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya fito da sanarwa cewa an dakatar, ya ce Ubangiji ya nuna masa abin da zai faru da haikalai in aka ci gaba. Shekara shida bayan nan aka karɓi Utah a matsayin jiha. Wasu suka ci gaba a ɓoye sai da aka sake sanarwa mai zafi a 1904.

Ka ga abin da na faɗa maka da farko ko? Wahayi ya kawo, wahayi ya ɗauke. Mai suka zai ce ai matsin gwamnati ne ya kawo wahayin, mabiyi zai ce ai amfanin annabi mai rai ke nan, ya faɗa maka abin da ya dace da yau. Yanzu duk ɗan cocin da ya ƙara mata ta biyu korarsa ake yi, kuma a nan Afirka mai mata biyu ba sa masa baftisma yana cikin wannan hali. Waɗanda kake gani a talabijin da mata rututu 'yan ɓallewa ne masu cewa Woodruff ya yi kuskure, shugaban mafi shaharar ƙungiyarsu Warren Jeffs yana kurkuku a Texas tun hukuncin 2011, ɗaurin rai da rai kan lalata da ƙananan yara da sunan aure. Sai dai akwai ɗan saura a aƙida: namijin da matarsa ta rasu yana iya ɗaura auren har abada da wata, ma'ana a lahira duka biyun nasa ne.

To mu zo kan kama da Musulunci, don na san nan ne ya fi ja maka hankali. Kwatancen tsoho ne, tun Smith na raye abokan gabansa suke kiransa da sunan Annabi Muhammadu (SAW) na Amurka, kuma da nufin zagi suke yi ba yabo ba. Abubuwan da suka hango a fili suke: mutum marar zurfin karatu, mala'ika, sabon littafi, cewa littattafan baya an taɓa su, hijira saboda tsanantawa, mata fiye da ɗaya, haramcin giya, azumi, fitar da wani kaso na dukiya. Amma kama da wane ba ta wane. A wurare biyun da Musulunci ya tsaya a kansu, kaɗaita Allah da cikar annabci, babu addinin da ya yi nisa da shi kamar wannan, wallahi ko Katolika ta fi su kusa.

Ga dalili. Su a aƙidarsu Allah Uba yana da jiki na tsoka da ƙashi irin na mutum, haka yake rubuce a littafinsu na wahayoyin Smith. Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban daban, manufarsu ce ɗaya ba zatinsu ba. Akwai Uwa ta sama ma, ko da yake ba sa yi mata addu'a. Mu duka 'ya'yan ruhu ne na Uban tun kafin a haife mu, Yesu shi ne babban wa, Iblis ma ɗaya ne daga cikin 'ya'yan da ya yi tawaye. Wata biyu da 'yan kai kafin a kashe shi Smith ya yi wata huɗuba a kan rasuwar wani mabiyinsa inda ya ce Allah kansa ya taɓa zama mutum kamar mu ya ɗaukaka, wani shugabansu na baya Lorenzo Snow ya dunƙule ta a jimla ɗaya da ma'anarta ita ce yadda mutum yake yanzu haka Allah ya taɓa zama, yadda Allah yake yanzu haka mutum zai iya zama. Wato ƙarshen tafiyar mumini da matarsa shi ne su ma su kai wannan matsayi. Yau ba sa cika ɗaga rabin farko na maganar, amma rabi na biyu yana nan daram. Lahirarsu kuma hawa uku ce ta ɗaukaka, kusan kowa zai samu ɗaya, har mugaye bayan sun sha hukunci, wuta ta har abada 'yan tsiraru ne ƙwarai za su shige ta.

Shi ya sa tambayar ko Kiristoci ne take da amsa biyu. Su za su ce maka duba sunan cocin mana, da sunan Yesu suke addu'a, sun yarda ya mutu ya tashi, suna karanta Baibul. Katolika da yawancin sauran coci kuma suna cewa wanda ya ƙi Triniti, wato aƙidar Allah ɗaya cikin uku, ya ƙara littattafai uku a kan Baibul ya fita daga layi, Fadar Paparoma ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba ta inganta ba. A ɗaya ɓangaren kuma suna girmama musulmi fiye da yadda za ka zata, shugabanninsu sun fitar da sanarwa a Fabrairun 1978 da ta ambaci Annabi (SAW) cikin manyan mutanen da suka samu wani rabo na hasken Allah.

Tunda kana Abiya, ka san akwai haikalinsu a Aba, an buɗe shi a 2005, shi ne na farko a Najeriya, na Accra ya riga shi da shekara ɗaya, kuma a 2024 sun sanar da za su gina a Abuja. Haikali daban, ɗakin taron Lahadi daban. Na Lahadi kowa na iya shiga. Haikali kuwa ko ɗan cocin sai da takardar izini bayan bishop ya yi masa tambayoyi, yana biyan zakka, yana kiyaye dokar abinci, ba ya zina. A ciki ake ɗaura auren da suke cewa mutuwa ba ta raba shi, a ciki ake ɗaukar alkawuran da bayansu mutum zai riƙa sa wasu fararen tufafi na ciki dare da rana. A ciki kuma ake baftisma domin matattu, wato mai rai ya shiga ruwa a madadin kakansa da ya mutu bai ji saƙon ba, shi mamacin sai ya karɓa ko ya ƙi a can, suna kafa hujja da aya ɗaya a wasiƙar Bulus ta farko ga Korintiyawa sura 15. Wannan ne ya sa suka zama gwanayen tara tarihin zuriya a duniya, suna da rumbu da aka fafe a cikin dutse kusa da Salt Lake cike da hotunan takardun haihuwa da aure da mutuwa na ƙasashe barkatai. Ya kuma jawo musu rigima, Yahudawa sun yi ca da suka gano an yi wa waɗanda Hitler ya kashe wannan baftismar, sai da aka yi yarjejeniya a 1995 cewa a daina.

Labarin shigarsu Najeriya kuwa sai ka riƙe baki. Zamanin Smith an naɗa baƙar fata firist, akwai wani Elijah Abel a 1836. Brigham Young ne a 1852 ya hana, ya danganta abin da la'anar Kayinu ɗan Adamu, kuma firistanci a wajensu ba aikin wasu 'yan tsiraru ba ne, kowane namiji daga shekara 12 yana da rabo, in babu shi ba ka shugabanci, kai da matarka ba ku shiga haikali. Haka aka zauna shekara 126. Amma duk da haka tun shekarun 1950 mutane a kudu maso gabashin Najeriya da kuma Ghana suka riƙa cin karo da ƙasidunsu, suka kafa coci da sunan da kansu ba wanda ya aiko su, suna ta rubuta wasiƙu Utah a turo musu malamai. An turo wani jami'i ya duba a 1961, aka fara shirin buɗe mishan, sai labarin wariyar ya fito a jarida gwamnatin Najeriya ta hana biza, yaƙin basasa kuma ya zo ya rufe maganar. Wani malamin makaranta a Mbaise ta jihar Imo, Anthony Obinna, kar ka rikita shi da tsohon babban bishop ɗin Katolika na Owerri mai irin sunan, ya ce ya yi mafarkin wani gini, daga baya ya ga hoton haikalin Salt Lake a wata mujalla ya ce shi ne, ya yi shekaru yana rubuta wasiƙa ana ce masa ya yi haƙuri.

A Yunin 1978 shugabansu Spencer Kimball ya sanar da wahayi ya sauka, an ɗage haramcin. Lokacin suna gab da buɗe haikali a Sao Paulo ta Birazil inda jini ya gauraya har ba ka iya tantance wa ke da kakan baƙi, ga matsin masu fafutukar 'yancin baƙaƙe a gida, ga wasiƙun Afirka. A Nuwamban shekarar 'yan mishan suka iso aka yi wa Obinna baftisma. Sai 2013 cocin ta fito ta ce ta barranta daga duk bayanan da aka riƙa bayarwa na la'ana da sauransu, amma kalmar neman afuwa ba ta fito ba, ni kuma a ganina nan ne tsarin annabi mai rai yake cin tuntuɓe, don yana da wuya ka ce annabawa goma a jere sun yi kuskure a kan abu ɗaya ka kuma ce a bi na yanzu ido rufe. Ghana ma ta taɓa rufe su, gwamnatin Rawlings ta dakatar da su tare da Shaidun Jehobah daga Yunin 1989 zuwa ƙarshen 1990. Yau mabiyansu a Najeriya sun haura 200,000, a duniya kuma sama da miliyan 17 a rajista, ko da yake rajista daban masu zuwa coci daban.

A zaman yau da kullum mutane ne masu tsari, wannan kam ba a ƙwace musu. Bishop ɗin unguwa ba albashi yake karɓa ba, yana iya zama likita ko makanike, a yi masa 'yan shekaru a sauke shi a ɗora wani. Ba a yi wa jariri baftisma sai ya kai shekara 8. Jibin Ubangiji, wato ibadar tunawa da mutuwar Yesu, da burodi da ruwa suke yi. Ba za ka ga gicciye a gininsu ba. Lahadin farko na kowane wata suna azumin abinci biyu a jere su ba da kuɗin abincin a taimaki mabuƙata, ban da kashi goma cikin ɗari na duk abin da mutum ya samu. Kuɗin nan ya taru ba na wasa ba, a 2019 wani tsohon ma'aikaci ya fallasa cewa asusun jarinsu ya kai wajen dala biliyan 100, a 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin jarinta tarar dala miliyan 5 kan ɓoye girman asusun a bayan wasu kamfanonin jeka-na-yi-ka. In shugaba ya mutu kuma ba kamfen ba zaɓe, wanda ya fi daɗewa cikin manyan shugabannin da suke kira manzanni shi ke hawa, shi ya sa kullum tsoho ne tukuf, Nelson ya hau yana da shekara 93.

Samarin da ke zuwa layinku, kalmar da ke gaban sunansu a bajon tana nufin dattijo, alhali wataƙila ka girme su, daga shekara 18 suke fita, shekara biyu cur, ba su suke zaɓar inda za a tura su ba, ba budurwa, ba kallon fim, ba rabuwa da abokin tafiya, gida ma sai ranar hutunsu ta mako suke kira. Shayin da suka ƙi kuma dokar lafiya ce da Smith ya kawo a 1833, ta hana giya da taba da abin da ta kira abin sha mai zafi, shugabanni suka fassara shi da ganyen shayi da kofi, ko da an sa musu ƙanƙara. Ba zafin ne matsalar ba kuma ba sinadarin hana barcin ba, don lemon kwalba mai shi ba a hana su ba, Milo da madara ma suna sha da zafinsa. In sun sake zuwa ka cire Lipton ɗin ka haɗa musu da madara kawai, ko ka ba su zoɓo mai sanyi, za su shanye har su nemi ƙari.